Babur ne jakin gida a yau, mai shi ne bakaniken farko

Shekara 20 ke nan ina gyaran babur a gindin wata darbejiya, a bakin titin da ya tashi daga Kano ya bi ta Ɗambatta. A wannan yanki namu gona tana manne da gona, daga ƙofar gida sai shuka. Da can jaki ne ke ɗauko taki a mangala daga birni ya kawo gonaki, ya koma da hatsi da itace. Mai jaki bai taɓa jiran wani ya zo ya ba dabbarsa dusa ko harawa ba. Shi yake duba ƙofatonsa, shi yake lura in mangala ta fara cin bayansa. Yau babur ya karɓi aikin nan gaba ɗaya. Shi ke kai taki gona, shi ke ɗauko tumatir daga fadamun Tomas da Watari, shi ke kai buhu Dawanau, shi ke kai mai naƙuda asibiti cikin dare. Amma da yawanmu abin da muka sani kawai shi ne zuba fetur da buga kik.

Babura sun ƙara yawa a ƙauyukanmu tun Janairun 2013, lokacin da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni, matasa da dama suka dawo gida da Jincheng da Boxer ɗinsu. Daga 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta kai ga haura 1,000 a 2024, kayan gyara ma suka bi sahu. A irin wannan hali, kuɗin da sakaci ke ci kuɗin cefane ne.

Bara da kaka wani dattijo ya turo mini Boxer ɗinsa daga gona, gumi ya jiƙe masa riga. Ya ce, "Ɗana, ina cikin tafiya na ji ƙara kamar ana daka, sai ya tsaya cak." Na kwance notin da ke ƙasan inji na tara gwangwani. Injin da ya kamata ya riƙe kusan lita 1 na baƙin mai, abin da ya fito bai cika gwangwanin madara ba, baƙi ƙirin, ya yi kauri kamar kwalta. Na ce, "Baba, yaushe rabon a yi masa juye?" Ya yi shiru yana lissafi, ya ce tun kafin shuka. Fistin ya kama, silinda ta karce. Sai da ya sayar da buhun gero kafin babur ɗin ya tashi. Da ya san yadda ake zare ma'aunin mai a duba, da geron nan yana rumbunsa.

Saboda haka baƙin mai ne abin da zan fara roƙon kowa ya koya. Da safe kafin ka tayar da inji, ka ɗora babur a kan babbar ƙafarsa a wuri mai daidai, ka zare ma'aunin, ka goge shi da tsumma, ka mayar, ka sake zarewa. Mai ya tsaya tsakanin alamomin nan biyu. Ka murza ɗan kaɗan a yatsa. In ka ji shi tsararo kamar ruwa ko da ɗan yashi-yashi, lokacin juye ya yi. A irin hanyoyinmu na burji da ƙura da kaya, ina ba mutane shawara kada su wuce kilomita 1,000 ba su yi juye ba. Ka yi shi inji na da ɗumi, don tsohon man ya zubo da dauɗarsa. Ka sayi mai a rufaffen galan wanda hatiminsa bai ɓalle ba. Na awo a kwalba, ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba, kuma araha ba ta ado. Tsohon man kuma kada a zubar da shi a gona ko kusa da rijiya. Mu nan rijiyarmu da gonarmu da turken dabbobinmu duk a wuri ɗaya suke. A tara shi a jarka a kawo gareji.

Na biyu shi ne soson da ke tace iska. Inji numfashi yake yi, kuma lokacin hunturu ƙurar da muke shaƙa ita yake shaƙa. In soson ya toshe, iska ba ta isa, sai inji ya riƙa shan fetur fiye da ƙima, salansa na fitar da baƙin hayaƙi. In kuma ya yage, ƙura ta shige ciki tana goge ringi da silinda kamar ana cuɗa su da yashi. Ka buɗe murfin gefe, ka ciro soson, ka wanke shi da kananzir, ka matse a tafin hannu ba tare da murɗewa ba, ka bar shi ya bushe, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka sake matsewa, ka mayar. Na taɓa ganin wanda ya cire soson gaba ɗaya wai don babur ya ƙara gudu. Wata uku bai cika ba ya dawo neman ringi.

Na uku fulogi. Shi ne ke ba da labarin abin da ke faruwa cikin inji. In ka ciro shi ka ga bakinsa ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, lafiya lau. In baƙi ne da kunkunniya, fetur ya yi yawa ko soson iska ya toshe. In fari ne fat, inji na ɗaukar zafi. In ya jiƙe da baƙin mai, ringi sun gaji, wannan kuma aikinmu ne. Tazarar bakinsa kusan kaurin katin cirar kuɗi ne. Ba na manta wani dare da aka buga mini ƙofa wajen ƙarfe biyu, matar wani matashi na naƙuda, babur ya ƙi tashi, ya baro ta ya taho da gudu daga unguwarsu. Da na je, fulogi ne kawai ya yi datti. Minti 5 aikin ya ɗauka. Allah ya sa an isa asibiti ta sauka lafiya, amma tun ranar nake gaya wa kowa: ka ajiye sabon fulogi da sifanarsa a ƙarƙashin kujera.

Na huɗu sarƙa da birki da taya. Sarƙa in ka ɗaga ta da yatsa a tsakiya, wasanta kada ya wuce faɗin yatsu biyu. In ta yi sako-sako tana iya zamewa ta kulle tayar baya kana cikin gudu. In ta yi tsauri, tana cin haƙoran da take hawa. Wajen ɗaure ta ka ja notocin gefe biyu daidai da juna, don kada taya ta karkace, sannan ka sa mata mai. Birki kuma, in kana takawa har ƙasa kafin ya kama, noti ɗaya ne a bayan sandar birkin ake ɗan murzawa. Iskar taya ka duba ta da safe tana sanyi, musamman ranar da za ka ɗora buhu biyu. Tayar da ba ta da iska tana ƙara shan mai, tana kuma saurin yin faci.

Akwai matsalar da damina ke kawowa, da kuma fetur ɗin jarka na bakin hanya: ruwa ko datti a kafireta. In babur yana tari yana mutuwa bayan ka sha mai, ka rufe famfon fetur, ka sassauta ɗan sukurun da ke ƙasan kafireta, abin da ya taru ya zube a gwangwani, ka ɗaure, ka buɗe famfon. Ka yi wannan nesa da murhu da taba.

Yanzu ga iyaka. Buɗe cikin inji, saita bawul, gyaran giya da kuloci, da haɗa wayoyin wuta, waɗannan ka bar wa wanda ya koya. Na sha karɓar inji a cikin buhu, an warwatsa shi, rabin notocin sun ɓata a yashi. Gyaran da aka lalata ya fi wanda ba a taɓa ba tsada. In ka ji wata baƙuwar ƙara a inji, ka kashe shi nan take ka turo.

Kayan da kake buƙata ba su da yawa: sifana mai lamba 8, 10, 12, 14 da 17, sifanar fulogi, sukundireba, filaya, ƙaramin famfon iska da tsumma. Duk ana samunsu a kasuwannin ƙauye, balle a Ƙofar Ruwa. Hanyar koyo kuma a buɗe take. Ran da ka kai babur gareji, kada ka miƙa makulli ka tafi wajen mai shayi. Ka tsuguna, ka kalla, ka yi tambaya, ka ce a ba ka sifanar ka gwada da hannunka. Ka taho da ɗanka ko ƙanenka, tunda galibi su ake aika gona da kasuwa.

Wasu abokan sana'a suna cewa in mun koya wa mutane, mun rage wa kanmu abinci. Ni ban ga haka ba. Wanda na koya wa juye, shi ne ke kawo mini babban aiki da amana, shi ne kuma ke turo mini maƙwabcinsa. Dattijon nan mai gero yanzu duk safiyar Juma'a yakan zare ma'aunin mai ya duba kafin ya tafi masallaci. Kwanan baya ya biyo ta gindin darbejiya da buhu biyu a baya, ya rage gudu, ya ɗaga mini hannu ya ce, "Ɗana, jiya ni na yi masa juye da kaina." Na saurari ƙarar injin yana wucewa, tana tafiya sumul.