Yadda ake kallon jajayen tsuntsaye

Mai son kallon jajayen tsuntsaye ya fara da koyon haƙuri da launin, domin ja shi ne abin da ido ke fara cafkewa, kuma shi ne ya fi ruɗi. Da farko a fita da sassafe, lokacin da tsuntsaye ke neman kalaci, a tsaya rana tana bayan mutum. In ta haske fuska, tsuntsu ja wur sai ya koma baƙi ƙirin. A sa tufafi marasa ɗaukar ido, a rage motsi, a bar shi ya saki jiki. Daga nan a duba girmansa da bakinsa: gajeren baki mai kauri na mai fasa tsaba ne, dogo siriri na mai kama ƙwari ko shan ruwan fure. Sai bayan haka a tambayi inda jan yake, ko a ƙirji, ko a ka, ko a fiffike, a rubuta nan take tare da wuri da wata.

Wani zai ce ai ja ba ya ɓuya, me ya kawo wannan wahala? Mulufi ya isa amsa. Da damina namijin yakan yi ado da ja da baƙi, yana kumbura gashi a kan karan dawa ko ciyawar fadama, amma da rani sai ya dawo ruwan ƙasa mai zane-zane kamar matarsa. Wanda launi kaɗai ya riƙe zai rantse tsuntsun ya yi ƙaura. A Amurka kuwa namijin tsuntsun da ake kira kadinal, mai tukku, ja ne duk shekara, macen ce ba ta yi ja sosai ba. A fadamar Caroni ta Trinidad akwai jan tsuntsu mai dogon baki lanƙwasasshe wanda 'ya'yansa ke tashi da launin toka-toka, sai cin ƙaguwa da jatan lande ya rina su a hankali. Ke nan jan yana ba da labarin abinci da shekaru da yanayi, kuma wannan labarin ne daɗin kallon.

Masu cewa madubin hangen nesa ya yi tsada suna da gaskiya, sai dai mulufi da ƙananan jajayen tsuntsayen da ke tsintar tsaba a tsakar gida ido ma ya wadatar. Manhajar Merlin tana taimakawa wajen gano sunan tsuntsu, amma a nemi taimakonta bayan an gama kallo da rubutu.