Ƙungiyar Motsa Jiki ta Maza: Yadda Kyakkyawan Hali Ke Zaunawa

Darasi domin Hakimai da Magatakardansu

Aikin hakimi da na magatakarda yawancinsa na zama ne, daga zaure zuwa ofis, daga ofis zuwa mota. Jiki kuwa in ya daɗe bai motsa ba ya kan yi nauyi, hawan jini da ciwon sukari su sami ƙofar shiga. Cikin 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara kowane baligi ya sami minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri, ya kuma yi aikin ƙarfafa tsoka kwana biyu a mako ko fiye. Minti 150 kuwa minti 30 ne a yini har kwana biyar. Farawa ba ta gagari kowa ba. Inda gizo ke saƙa shi ne ɗorewa, domin mutum ya kan yi mako biyu da himma, ran da hunturu ya busa ya ja bargo, shi ke nan magana ta mutu.

Kwana Nawa Hali Ke Ɗauka?

Wata masaniya a Landan, Phillippa Lally, ita da abokan aikinta sun gwada wannan, aka buga sakamakon cikin 2009. Mutum 96 suka sa, kowa ya zaɓi abu guda ya riƙa yi kullum har mako 12. Aka ga kafin abin ya zama jiki, watau a yi shi ba tare da kai-kawon zuciya ba, ya kan ɗauki kwana 18 ga wani, ga wani kuwa lissafi ya nuna sai ya kai kwana 254. Tsaka-tsakin shi ne kwana 66. Aka kuma ga fashin kwana ɗaya ba ya rushe ginin.

Abin lura a nan biyu ne. Na fari, mai farawa yana da wata biyu ko fiye da zai yi yana ja-in-ja da ransa, lalle ne a sami mai riƙe shi cikin wannan lokaci. Na biyu, wanda ya yi fashi jiya bai yi asara ba, muddin an komo da shi yau.

Misali Daga Amurka

Ran 1 ga Janairu 2011, a birnin Charlotte cikin jihar Karolina ta Arewa, David Redding da Tim Whitmire suka kafa wata ƙungiyar maza mai suna F3. Sunan ya fito daga kalmomin Turanci uku masu farawa da harafin F, ma'anarsu ƙarfin jiki, da zumunta, da imani. Daga fili guda ta yaɗu zuwa jihohi masu yawa. Ƙa'idodinta biyar ne, kowace kuwa tana toshe wani uzuri:

1. Ba a biyan ko kwabo. Saboda haka ba mai cewa rashin kuɗi ya hana shi.

2. Ƙofa a buɗe ta ke ga kowane namiji, tsoho da yaro, mai ƙiba da siriri.

3. A fili a ke yi, ko ana ruwa ko ana sanyi. Wanda ya farka ba shi da bukatar tambaya ko za a yi yau, ya riga ya sani.

4. Jagoranci karɓa-karɓa ne. Wanda ya san gobe shi zai ja mutane, barci ba ya ɗauke shi.

5. Ana rufewa da da'ira. A ƙidaya waɗanda suka zo, kowa ya faɗi sunansa, mai damuwa ya faɗi damuwarsa. Ta haka a ke gane wanda bai zo ba.

Yawanci da sassafe su ke haɗuwa, kamar minti 45. Suna kuma da wata al'ada mai kyau: in an yi gudu, waɗanda suka riga isa su kan juya su tarbo na ƙarshe, a iso tare.

Yadda A Ke Tsare Juna

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu. Abin da ke tashin manomi zuwa gayya, da abin da ke sa mai adashi ya kai zubinsa kan kari, shi ne sanin ana jiransa, in bai zo ba kuwa za a tambaya. Ga sharuɗɗan da ke sa tsaron ya yi amfani:

A raba mutane uku-uku ko huɗu-huɗu. Cikin taron ashirin mutum ya kan ɓace, cikin uku ba ya ɓacewa.

Kowa ya faɗi alkawarinsa da adadi. "Zan ƙoƙarta" ba ta aunuwa. "Zan zo Litinin da Laraba da Asabar" kowa na iya dubawa.

Wanda bai zo ba, a neme shi ran nan. A fara da tambayar lafiyarsa da ta iyali, sa'an nan a gaya masa gobe za a biyo masa.

Nasiha a keɓe, yabo a bainar jama'a. Mutumin da aka kunyata gaban sa'o'insa ba ya komowa.

Abin da Ya Rataya ga Hakimi

Hakimi ya nemi fili, kamar na makarantar firamare, ya tsai da lokaci guda, bayan sallar asuba ya fi dacewa. Amma kada ya mai da abin doka, kada kuma a sa tara. Wanda ya zo don tsoro, ran da hakimi ya yi tafiya shi ma ya huta. Abin da ya fi kyau hakimi ya shiga sahu, ran da jagoranci ya faɗa kan ƙaramin ma'aikaci ya bi umurninsa kamar kowa.

Magatakarda ya riƙe littafi, suna da rana kawai, ya duba shi duk mako don a san wanda ya fara ja da baya tun bai yi nisa ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko sukari ya fara ganin likita. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya soma da tafiya, ya riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi

1. Don me watanni biyu na farko suka fi bukatar tsaro?

2. Wane uzuri kowace ƙa'ida cikin biyar ɗin nan ke toshewa?

3. Rubuta sunayen mutum uku a gundumarka da za ka fara da su, da ranakun da za ku haɗu.