Shawarwari Bakwai ga Mai Neman Salsalar Gidansu a Intanet

Yau da wayar hannu mutumin Babura zai iya duba takardun da a da sai an yi tattaki zuwa Kaduna ko Landan. Amma intanet ba ta san kakanka ba, sai ka je mata da suna da gari da zamani. Ga yadda za a bi.

1. A fara daga gida. A zauna da dattawa, musamman tsofaffin mata, don su ne ke riƙe da labarin auratayya. A ɗauki muryarsu da izininsu. A tambayi sunan yanka, da laƙabi, da sana'a, da garin da aka taso.

2. A ɗaure labari da abin da aka san shekararsa. Tsoho ba zai ce 1914 ba, amma zai ce "shekarar babbar yunwa". Haka shigar Turawa Kano a 1903, da isowar jirgin ƙasa a 1911, da zuwan Sarauniyar Ingila a 1956.

3. A nema ƙarƙashin Kano. Sai a 1991 aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, inda Babura take yanzu. Kafin nan Babura na cikin ƙasar Kano, Kazaure kuma, wadda Roni da Gwiwa ke ƙarƙashinta, masarauta ce a Lardin Kano. Takardun lardin suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Shirin Endangered Archives na British Library ya ɗauki hoton wasu takardun Kaduna da na Hukumar Tarihi da Al'adu ta Kano, ana duba su kyauta.

4. A sassauya rubutun suna. Bature yana rubuta abin da kunnensa ya ji ne: Hadeija maimakon Haɗeja, Momman maimakon Mamman. Idan dangi sun tsallaka zuwa Magarya ko Damagaram, a gwada rubutun Faransanci, kamar Ousmane da Mahamadou, a kuma tuna Zinder Faransawa suke kiran Damagaram.

5. A san abin da takarda ke ɗauke da shi. Rahoton haraji da jangali ya fi ambaton hakimi da dagaci, da yawan jama'a da dabbobi. Da wuya ya kawo sunan talaka. Duk da haka zai nuna maka yadda ƙauyenku yake a zamanin kakanka. Wanda kakansa ya tafi yaƙin Bama bai dawo ba, ya duba rumbun Commonwealth War Graves Commission. Sojojin lokacin sau da yawa da sunan garinsu aka rubuta su.

6. Kada a riƙi suna ɗaya a yanke hukunci. Masu suna iri ɗaya a gari ɗaya ba su ƙirguwa. Sai sunan uba da zamani da bakin dattawa sun dace kafin a ce "namu ne". Abin da zai tayar da tsohuwar husuma, kamar zancen bauta ko gadon gona, a shawarci manyan gida kafin a yaɗa shi.

7. A adana na hannu. Takardun ajami da ke cikin gafakar kaka, da rasidin haraji, da tsofaffin hotuna, a ɗauke su da waya, a rubuta sunayen waɗanda ke ciki, a raba wa 'yan'uwa, a kuma kare na asali daga gara da danshin damina. Babu wani rumbu a duniya da ke da kwafinsu. Idan suka salwanta a hannunku, jikokinku ba su da inda za su nema.