BABI NA TARA: ABINCI DA HARSHE A IDON BAƘO

9.0 Gabatarwa

Wannan babi zai duba dangantakar abinci da harshe ta hanyar nazarin abin da baƙo ke cin karo da shi a ƙasar da ba tasa ba. An ɗauki misali daga masu aikin sa-kai na coci, matasa da manya, waɗanda kan taso daga Amurka zuwa arewa maso gabashin Nijeriya. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya bayyana yadda ake koyar da al'ada ta hanyar kalmomin abinci.

9.1 Tushen Ziyarar

A ranar 17 ga Maris, 1923, wasu 'yan mishan biyu daga Cocin 'Yan'uwa ta Amurka, wato H. Stover Kulp da Albert Helser, suka gudanar da sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya a Garkiɗa, cikin Jihar Adamawa ta yanzu. Daga wannan aiki ne aka sami Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda ke da hedikwata a Kwarhi, kusa da Mubi. Akasarin mabiyanta Bura ne da Margi da Kilba da Kamwe da Kibaku, kowa da harshensa, amma Hausa ce ke haɗa su a kasuwa da majami'a.

A shekarar 2014 'yan Boko Haram suka sace 'yan mata a makarantar Chibok, waɗanda mafi yawansu 'ya'yan wannan ekklesiya ne, sannan a watan Oktoba suka mamaye Kwarhi. An ƙona majami'u da gidaje, jama'a da yawa suka yi gudun hijira. Bayan ƙura ta ɗan lafa, masu aikin sa-kai daga Amurka suka riƙa zuwa domin taya sake gini. Sukan yi kwaɓa da dakon bulo tare da mutanen gari, kuma a wajensu suke cin abinci.

9.2 Baƙo a Gaban Akushi

Matashin da ya saba da cokali da farantinsa shi kaɗai zai tarar da tsari na daban. Da farko za a kawo masa ruwa, domin Bahaushe ya ce, "Ba baƙo ruwa ka sha labari." Sai a kawo ruwan wanke hannu, a ajiye tuwon dawa ko na masara da miyar kuka ko kuɓewa ko yakuwa, wadda ta ji daddawa da barkono. Da hannun dama ake ci, kuma kowa gabansa yake ci idan an haɗa kwano. Da safe akwai ƙosai da kunun gyaɗa ko kunun tsamiya.

Wani ɓangare na wannan tsari ba sabo ba ne ga baƙin, domin cocinsu na da wata liyafa ta ibada da ake wanke wa juna ƙafa sannan a ci abinci tare. Duk da haka, ƙanshin daddawa da yauƙin miya da zafin yaji sukan sa wani ya janye hannu. A nan ne matsala take. Iyalin da suka rasa gida da gona, idan suka yanka wa baƙo kaza, sun ba shi mafi darajar abin da ya rage musu. Ƙin ci yakan zama tamkar raini, kuma yana iya rushe zumuncin da aka ƙetare teku domin ƙullawa. Mai bayarwa da safe ya zama mai karɓa da rana, kuma karɓar ce ke daidaita matsayinsu. Saboda haka ko cikin baƙo bai karɓi abincin ba, ladabi shi ne ya taɓa ko da loma biyu ce, ya yi godiya.

9.3 Abin da Harshe ke Nunawa

Akwai abubuwa uku na harshe da kan rikita irin wannan baƙo.

(a) Ci da sha. A Ingilishi mangwaro da lemo da rake duk "ci" ake yi. A Hausa kuwa shan su ake yi, saboda ruwan da ke jikinsu. Haka kuma ana shan magani ko da ƙwaya ce. Daga nan ma'anar kalmomin biyu ta faɗaɗa: ana cin kasuwa, cin jarrabawa, cin amana, ana shan iska, shan wahala, shan kashi.

(b) Tayi. Wanda aka tarar yana cin abinci wajibi ne ya ce, "Bismilla," ko "Zo mu ci." Sau da yawa amsar da ake jira ita ce, "Na gode," ko "Na ƙoshi." Baƙo sai ya koyi bambanta tayin ladabi da abincin da aka girka domin shi, wanda ba a ƙi.

(c) Santi. A al'adar Amurkawa yabon girki ana cikin ci alama ce ta tarbiyya. A wajen masu jin Hausa, wanda ya yi ta zuba zance saboda daɗin miya ya yi santi, kuma dariya za a yi masa. Kalmar ba ta da takwara guda a Ingilishi, sai dai a yi dogon bayani.

9.4 Amfanin Darasin ga Malami

Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta buƙaci yaro ya koyi ɗaya daga cikin manyan harsuna uku, Hausa ko Igbo ko Yarbanci, ban da nasa. Ke nan malamin Hausa na iya samun kansa a gaban ɗaliban da Hausa baƙuwa ce gare su. Idan ya tsaya ga jera sunayen abinci a allo, ɗalibansa za su san kalmar tuwo amma su kasa zama a gaban akushi. Ya kamata ya haɗa kowace kalma da yanayin amfani da ita, ta hanyar ɗan wasan kwaikwayo na mai gida da baƙo. Haka kuma ya tuna cewa jin Hausa bai mai da mutum Bahaushe ba, don haka ya tambayi ɗalibansa yadda ake karɓar baƙo a gidajensu, a kwatanta. Shi kansa malamin baƙo ne a duk garin da aka tura shi koyarwa.

9.5 Jinga

1. Kawo jimloli biyar da "ci" da biyar da "sha" waɗanda ba su shafi abinci ba.
2. Bayyana ma'anar santi ga wanda bai taɓa jin kalmar ba.
3. Tsara darasin minti 40 a kan tayin abinci domin aji ɗaya na ƙaramar sakandare.