Darasin Mu'amala: Kafin Ki Zuba Kuɗinki A Motar Maigida

Darasinmu na wannan fitowa a kan sayen mota da bashi ne, domin sau da yawa idan maigida ya ƙyalla ido ya ga mota, adashin uwargida da sarƙarta ta gwal su ne cikon kuɗin.

Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, ko motar Beljiyam ta fi ƙarfin mai albashi ya biya lakadan, shi ya sa ake rugawa banki. To a nan sai ki natsu. Kalmar riba a Hausa tana ɗauke da abu biyu: ribar ciniki, wadda take halal, da kuɗin ruwa, wanda aya ta 275 ta Suratul Baƙara ta haramta. Idan banki ya ba maigida naira miliyan 8 ya sayi mota, ya ce ya dawo da miliyan 10 da dubu 800, kuɗi ne aka sayar da kuɗi, wannan shi ne ruwa. Amma idan bankin ya sayi motar daga dila, ta zama mallakarsa, sannan ya sayar wa maigida a kan wannan farashin, a biya dubu 300 duk wata har wata 36, wannan ciniki ne da malamai ke kira murabaha, kuma mafi yawansu sun halatta shi. Irinsa bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa suke yi, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJ da ya biyo baya a 2019.

Za ki ce ai lissafin ɗaya ne. Haka ne, amma hukuncin ya bambanta. Ki sa maigida ya yi tambaya biyu: shin bankin ya mallaki motar kafin ya sayar? Idan aka yi jinkirin biya, farashin zai hau? A murabaha ta gaskiya ba ya hawa, tarar jinkiri ma idan an karɓa sadaka ake yi da ita. Wasu dillalai kan ce "ba ruwa a ciki" alhali duk watan da aka makara sai sun ɗora wani abu.

Halal ɗin ma ba kowa ke iya ɗaukarsa ba. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin cire tallafi a Mayun 2023, ta haura naira 1,000 a 2024. Ga bakanike, ga taya, ga sabunta takardu. Ku zauna ku cire kuɗin cefane da na makarantar yara tukuna, abin da ya rage shi ne ƙarfinku. Kuma a duba takardar kwastan kafin a biya ko sisi.

Yanzu ga inda ya fi shafarki. Dukiyarki taki ce a shari'a, aure bai mayar da ita ta miji ba. Idan za ki ba da kuɗi, ku fayyace tun farko: kyauta ce, rance ne, ko tarayya? Mu mata kunya ke cutar mu a nan, sai mu ce "ai ba komai Alhaji", a zuci kuwa rance muke nufi. Aya ta 282 ta surar nan ta yi umarni a rubuta bashi a kafa shaidu, ba ta ware ma'aurata ba. Idan ta Allah ta kasance, motar da ke da sunan maigida cikin gado za ta shiga. Da takarda a hannunki, za a fara biyanki bashinki kafin a raba komai. Ba takarda ba shaida kuwa, idan magada suka musa, sai ki tashi da tumunin takaba kawai, shi ma ku raba da abokan zamanki.