Darasin Yau: A Raba Shara Tun Daga Cikin Gida

'Yan uwa magidanta da iyayen gida, yau ba saiwa ko ganye zan kawo muku ba. Maganar buhun sharar da ke bakin ƙofarku za mu yi.

Kwanakin baya an kawo min wani yaro ɗan jari-bola, tafin hannunsa ya kumbura sumtum. Ya zura hannu cikin buhun sharar wani gida yana laluben roba, tsohuwar reza ta yanke shi. Na wanke masa, amma na ce lallai a wuce da shi asibiti a yi masa allurar tetanus, ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora, don wannan ba aikin garin magani ba ne. Wanda ya jefa rezar bai san yaron ba, amma hannunsa na ciki. Kuma kun san kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ne a addininmu, to ina ga wanda ya ajiye shi da kansa?

Saboda haka abu mai kaifi shi ne farkon abin warewa. Reza, allura da sirinji, fasasshen gilashi: a sami gorar roba mai kauri da murfi a riƙa jefa su ciki, in ta kusa cika a ɗaure bakin tamau. Mai ciwon suga da ke yi wa kansa allura a gida, da kai nake musamman. Allurar da ta shiga jikin wani tana iya ɗaukar ciwon hanta ta kai wa wanda ta soka.

Sai kayan da masu gwangwan ke saye a kan kilo: gorar ruwa da ta lemo, tsohon bokiti, gwangwanin madara da na tumatir, ƙarafa, kwali. Uwargida, ki tanadi buhu guda dominsu, ki ɗauraye gwangwani da ruwan ƙarshen wanke-wanke, ki bari ya bushe. Ƙazantaccen gwangwani ƙuda yake kira, wanda ruwa ya kwanta a ciki kuwa ɗakin haihuwar sauro ne, cikin kwana 7 zuwa 10 ƙwai ya zama mai cizo. Kwali kada ya jiƙe ko ya sha mai, in ya sha ya tashi aiki. Ga wata dabara: gwangwanin da mayen ƙarfe bai kama ba alminiyom ne, ya fi kuɗi, a ware shi daban kada a auna muku shi a farashin ƙarfe.

Amma akwai robar da ba ta shiga wannan buhu ko kusa. Kwalbar fiya-fiya, galan ɗin maganin feshi, robar maganin ɓera. Ku da kanku kun san inda tsofaffin goruna suke komawa: wajen masu zoɓo da kunun aya da man gyaɗa. Wanki da omo ba ya ba da tabbacin gubar ta fita. A huda ta da ƙusa ko a tsaga ta yadda ba za ta sake riƙe ruwa ba. Haka kwalbar maganin asibiti, a ɓare takardar jikinta, kada marasa tsoron Allah su ɗura wani abu su sayar. Batir kuma kada a jefa a wuta, kada a bar yara su fasa shi.

Ɓawon doya, dusa, ragowar tuwo, wannan rabon awaki da kaji ne. Toka da kashin dabbobi taki ne, manomi zai karɓa da godiya. Sharaɗi ɗaya: kada leda ta shiga ciki. Tambayi mahauci irin dunƙulen ledar da yake tararwa a tumbin akuya. Ledar fiyawota a tara ta a buhunta, akwai masu saye a wasu unguwanni. Ƙona ta a tsakar gida kuwa, wallahi ina roƙonku ku bari. Mai asma da jariri da tsoho su ke shan wahalar hayaƙin, sannan a zo wurina neman maganin tari.

Na ƙarshe, takarda mai ayar Alƙur'ani ko sunan Allah: tsohon littafin Islamiyya, kalanda, katin ɗaurin aure. Ba a haɗa su da kwalin sayarwa, don gobe sai ka gan su an naɗe ƙosai a ciki. A ajiye musu kwali na musamman a sama. In sun taru a binne su a wuri mai tsarki da ba a takawa, ko a ƙona su a tsaftataccen wuri a binne tokar. Malamai sun kafa hujja da aikin Sayyidina Usman, Allah Ya ƙara masa yarda, wanda ya sa aka ƙona sauran rubuce-rubucen bayan an haɗa jama'a a kan Mus'hafi guda.

Ranar da mai kurar shara zai zo, a fito masa da buhunan a ɗaure, a nuna masa gorar kayan kaifin da baki, a ce masa ga abin da ke ciki.