Amsoshin Tambayoyinku: Taka-tsantsan Nake Yi ko Waswasi?

Tambaya: Na gama Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, na yi bautar ƙasa, na tara 'yan kuɗi zan noma riɗi a gonarmu ta gado. Damina biyu ke nan ina saƙa da warwara: yau tsoron ambaliya irin ta 2022, gobe tsoron faɗuwar farashi. Yayana ya ce waswasi ne, ni kuwa ina ganin taka-tsantsan ne. Yaya zan bambance?
Daga wani matashi a Bulangu.

Amsa: Malaman fiƙihu sun riga mu warware wannan. A Risala ta Ibn Abi Zaid, wanda ya yi shakka ko raka'a uku ya yi ko huɗu, zai yi gini a kan abin da ya tabbatar, ya ƙaro ɗaya. Amma mustankihi, wanda shakka ke zo masa kullum, an umarce shi ya yi watsi da ita, ya yi sujada bayan sallama kawai. Shakka ta farko ana sauraronta domin tana da gyara. Ta biyu ba ta ƙoshi.

To, auna taka. Shakka mai amfani tana zuwa da tambayar da za ka iya takawa da ƙafarka ka samo amsarta. Riɗi ba ya jure kwanciyar ruwa, ya fi son jigawa. Gonarku jigawa ce ko fadama? Je ka tsaya a cikinta bayan an ɗauke ruwa mai ƙarfi, ka ga ko ruwan ya tsane ko ya kwanta. Tambayi dattijon da ke maƙwabtaka da ku ko ambaliyar 2022 ta iso wurin. Idan ka samu amsa zuciyarka ta natsu, wannan taka-tsantsan ne.

Idan kuwa ka samu amsar, da dare tambayar ta dawo yadda take, ko ta koma kan abin da Allah kaɗai ya sani, kamar farashin kaka tun ba a yi shuka ba, to yayanka ya yi gaskiya.

Ga shawarata. Rubuta tambayoyinka a takarda, ka soke duk wadda mutum ba zai iya amsawa ba. Ba wa sauran mako biyu. Yi shawara da manoma biyu ko uku, kada ka wuce haka, ka yi istihara, ka sa ranar shuka. Fara da rabin gonar, da kuɗin da asararsu ba za ta durƙusar da kai ba.

Riɗin ma zai koya maka. Idan ganyensa ya yi rawaya, ana yanke shi a ɗaure a jingine. Wanda ya tsaya jiran ƙarin tabbaci, kwanson zai fashe, ƙwayar ta zube a ƙasa. Kada damina ta uku ta same ka kana lissafi. Allah ya ba da sa'a.